Gamba, kyasuwa ko jema: wace ciyawa ta dace da ƙasarka?

Da watan Mayu ya kama, masu son raya fako ko gonar da iska ta share sukan fara cigiyar irin ciyawa a kasuwannin Damagaram. Malam, kafin ka kwance lalita, dubi ƙasarka da yawan ruwan da take samu.

Ni dai gamba nake fara ba mutum shawara a kai, muddin wurin na samun ruwan da ya kai milimita 400 a shekara, kamar ƙasar Magarya, Matamaye da kudancin Mirriya. Gamba ba ta mutuwa da rani. Tushenta na nan da rai a ƙasa, da an yi yayyafin farko sai ta tofo, daidai lokacin da bisashe suka fi ramewa. Idan aka jera ta a kan iyakar gona, tana tare yashin da iska ke kwasa, tana rage gudun ruwa har ya samu shiga ƙasa, ganyen da ta zubar kuma gara ta mai da shi taki. Karanta yakan wuce mita 2, ka samu na zana da jinka da rumbu, ka sayar da saura. Sai dai irinta ba nauyi, gashi ne ya yi masa yawa, kuma ba duka ke tsira ba. Ya fi ka sayi tushe a wurin mai gamba, ka rarraba, ka dasa bayan ruwa ya zauna. Shekarar farko a tsare ta daga awaki, kuma kada a jera ta dab da rumbu, don busasshiyar gamba tana cin wuta ƙwarai.

Kyasuwa ta damina ɗaya ce. Amfaninta sauri: a watsa ta cikin ramukan rabin wata (ramukan da ake haƙawa da siffar rabin wata don tara ruwan sama) a kan fako, kafin kaka sai ta rufe wurin, a yanka a ajiye wa dabbobi. Amma a gonar hatsi takan zama aikin noma, saboda haka a bar ta a makiyaya.

Jema ta fadama ce da bakin tafki. Saiwarta tana nutsawa ƙasa a miƙe, shi ya sa take riƙe gaɓar korama da kyau. A jigawa kuwa asarar kuɗi ce.

Karangiya ba sai an saya ba. Ita ke riƙe tuddan yashi wajen Gure da Tanut, inda gamba ke shan wuya. A bar ta ta zubar da iri kawai.

Duk irin da za ka saya, ɗebi kaɗan ka baza a tafin hannu. Idan ka ga ƙwayar garmani a ciki, bar shi, domin garmani na mamaye makiyaya, dabbobi kuma ba su damu da shi ba. Jiƙa ɗan kaɗan a tsumma na ƴan kwanaki ka ga yawan wanda ya tsiro kafin ka biya kuɗin buhu.