Wasiƙa daga Hamburg: abin da na kashe kafin motata ta rage ƙara da hayaƙi

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, kuma kasuwa tana ci a Ƙofar Ruwa. Ka tambaye ni dalilin da ya sa motar da na aiko maka da hotonta ta shafe kusan mako uku tana sintiri tsakanin gareji da wurin gwaji, alhali na shaida maka cewa injinta lafiya ƙalau yake. Na ga ya dace in ba ka amsa a rubuce, domin kai mai sana'ar kayan mota ne, za ka fi kowa gane inda harkar Jamus ta sha bamban da tamu.

Motar Golf GTI ce ƙirar 2011, mai inji lita 2 da turbo, wadda kamfani ya fitar da ƙarfin doki 210. Na saye ta a hannun wani saurayi da sauƙin da ya kamata ya sa in yi shakka, amma ka san an ce araha ba ta ado, ni kuwa na mance. A takardar cinikin ya rubuta cewa na saya yadda na gani, babu dawowa, kuma doka ta ba wanda ba dillali ba damar yin haka. Da a hannun dillali na saya, da yana da alhakin aibin motar na aƙalla shekara guda.

Abin da saurayin ya yi mata sananne ne a wajen masu son gudu. Turbo dai hayaƙin inji ne yake juya ta, ita kuma ta matsa iska ta cusa cikin inji, don haka duk abin da ya tare wa hayaƙi hanya yana rage mata kuzari. Sai ya cire bututun da ke bayan turbo, wanda ke ɗauke da matatar hayaƙin nan da makanikanmu suke kira indomi, ya sa fanko a madadinsa. Ya kuma cire salansar tsakiya, sannan ya sa aka sauya manhajar kwamfutar inji domin turbo ta ƙara matsi, aka rufe bakin fitilar gargaɗi don kada ta tona asirin matatar da babu, har aka ƙara mata wata tsiya ta yin tas-tas kamar harbin bindiga duk lokacin da aka ɗaga ƙafa daga totur. Ba zan ɓoye maka ba, a makon farko abin ya burge ni. A mako na biyu na tarar da takarda a maƙale a gilashin gaba, wata dattijuwa maƙwabciyata ta rubuta cikin ladabi cewa tana sanin lokacin fitata aiki da ƙarfe biyar na asuba ba tare da ta duba agogo ba.

A nan kowace mota tana zuwa gwaji duk shekara biyu, sabuwa kuma bayan shekara uku da fitowarta. Mutane suna kiran gwajin TÜV, da sunan hukumar da aka fi sani da yinsa, ko da yake akwai wasu hukumomin da ke yinsa, irin su Dekra da GTÜ. Shaidar cin gwajin wani ɗan tambari ne zagayayye da ake manna wa a lambar baya, launinsa yana nuna shekara, lambar da ke sama kuma tana nuna wata, ta yadda ɗan sanda zai gane daga nesa. Da lokacin tawa ya yi, injiniyan ya ɗaga motar sama, ya shiga ƙarƙashinta da tocila, ya bi bututun yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, yana neman lambar amincewa mai harafin E da ake bugawa a jikin ƙarfen. Bai samu ba. Ya sauke ta, ya jona kwamfutarsa, ya zura wani siririn bututu a bakin salansa, abin da aka mayar wajibi ga dukkan motoci tun watan Janairun 2018. Iskar gubar nan mara wari da ake kira CO bai kamata ta wuce kashi 0.2 cikin ɗari ba a mota irin tawa idan an ɗan taka totur tana tsaye, amma tawa ta ninka hakan sau da yawa.

Batun ƙara ma a rubuce yake. A takardar rajistar kowace mota akwai gurbin da aka rubuta iyakar ƙararta tana tsaye da kuma yawan juyin injin da za a auna ta a kai. Ana ajiye makirufo a tazarar santimita 50 daga bakin salansa, a karkace, a taka totur zuwa wannan adadin, a karanta. Ma'aunin yana da yaudara, domin ƙarin desibel 10 kacal kunnen mutum yana jinsa kamar an ninka ƙarar sau biyu. Injiniyan ya yi mini bayani a natse cewa bisa sashe na 19 na dokar rajistar ababen hawa, duk sauyin da ya ƙara wa mota ƙara ko ya ɓata hayaƙinta yana soke izinin hawanta titi baki ɗaya. A Hamburg 'yan sanda suna da rukuni na musamman tun 2017 mai farautar irin waɗannan motocin, kuma suna iya ɗauke mota a kai ta wurin ƙwararre ya bincika, mai ita ya biya. Ya ba ni takardar aibi da wa'adin wata guda in gyara in dawo.

A nan ne na fara kewar gida. Da a Kano ne, da na kai ta wurin mai walda da hantsi, ya yanka, ya auna da ido, ya haɗa mini salansa ɗan Beljiyam daga shagonka, kafin la'asar ina kan titi. A nan sai da na jira kwana tara kafin gareji ya ba ni lokaci. Maigidan garejin, wanda sai da ya yi koyon sana'a na shekara uku da rabi sannan ya ƙara jarrabawar zama ƙwararre kafin ya buɗe wurin, ya ba ni ƙiyasin kuɗi a rubuce, kuma ladan aikinsa da awa ake lissafawa, kowace awa tana kusan yuro ɗari, ban da harajin kashi 19 cikin ɗari. Na roƙe shi ya yi mini dabara ya walda wata matata mai araha a cikin bututun da ke jiki, ya girgiza kai ya ce ko ta tace hayaƙin tas, muddin ba ta da takardar da ta ambaci irin wannan motar, injiniya ba zai sa hannu ba. Wannan shi ne abin da nake so ka riƙe game da kasuwarsu: rabin kuɗin kaya na ƙarfen ne, rabi kuma na shaidar da ke biye da shi.

Sabuwar matata ta kamfani ta haura yuro dubu. Akwai ta masu son gudu, mai ramuka 200 a kowane inci murabba'i, wadda hayaƙi ke wucewa cikinta da sauƙi fiye da ta asali, kuma mai takardar amincewa a cikinsu ita ma kuɗinta ba wasa ba ne. Na zaɓi gwanjo. Na samo bututun asali da salansar tsakiya a wurin masu farfasa motocin da suka yi hatsari, da rasit da lambar kaya da nisan tafiyar motar da aka ciro su. Aka ɗaura, aka sauya ma'aunin iskar da ke bayan matata, aka mayar da manhajar kamfani. Da na so in bar ƙarin ƙarfin, sai an gwada shi daban, a shigar da shi takardar mota, a kuma sanar da kamfanin inshora, wanda zai ƙara mini kuɗi. Na haƙura. Makanikin ya ce in yi 'yan kwanaki ina tuƙa ta a gari da babbar hanya kafin in koma gwaji, domin kwamfutar inji tana buƙatar ta kammala binciken kanta bayan an goge mata ƙwaƙwalwa. Da na koma, allurar CO da ƙyar ta motsa, aka manna mini tambari.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne indomin nan. Sau nawa muka ji makaniki a gida yana cewa a cire shi mota ta sha iska? Wani lokaci ya toshe da gaske, musamman idan inji yana shan baƙin mai ko fetur ba shi da kyau, su kuwa a nan fetur ɗinsu tun 2009 sinadarin sulfa da ke cikinsa ba ya wuce kashi 10 cikin miliyan. Amma sau da yawa dalilin shi ne saƙar da ke ciki an shafe ta da ƙarafa masu tsada, wato filatinam da faladiyam da rodiyam, kuma akwai masu sayenta da daraja. Waɗannan ƙarafan ne suke mayar da guba da ragowar man da bai ƙone ba su zama iska mai sauƙin cutarwa. Duk shekarun da na yi ina sabunta takardun mota a gida ban taɓa ganin an zura na'ura a bakin salansa ba, mu ne kuma muke shaƙar abin a cunkoson Ƙofar Nasarawa da yamma.

A ganina makanikanmu sun fi na nan hannu da basirar gyara, domin na nan abin da suka fi yi shi ne cire tsoho su sa sabo. Sai dai rasit ɗin da maigidan garejin ya ba ni ya lissafa kowane ƙusa da kowace awa, kuma idan aikin ya ɓaci ina da abin da zan riƙe shi da shi.

Ka ce in sako maka fankon bututun a kwantena idan ta tashi, tunda samari za su saya. Ka yi haƙuri, Yaya, na riga na kai shi wurin masu sayen tsohon ƙarfe. Abin da zan iya nemo maka a titin Billstrasse, inda 'yan Afirka ta Yamma suke lodin gwanjo, shi ne salansa na asali masu matatarsu a ciki, idan ka turo mini jerin motocin da aka fi tambaya. Kuma don Allah idan an kai Corollar Baba gareji a wannan watan, ka sa yaronka ya tsaya a kanta har a gama, ya leƙa ƙarƙashi ya tabbatar babu sabon ɗinkin walda a jikin tukunyar matatar.