Masu kwasar shara da buhu uku a Bukoki: aikin ya yi, amma da gyara

Samarin da ke zagaya unguwar Bukoki ta Yamai da babur mai ƙafa uku suna ba kowane gida buhu uku: na leda da roba, na ƙarfe da gwangwani, da na ɓawo da ragowar abinci. Sau biyu a mako suke zuwa, ana biyansu jaka biyu a wata, kuma ba sa saɓa rana. Wannan kaɗai ya isa a yaba musu, domin abin da ba a kwashe ba magudanar ruwa yake ƙarewa kafin damina.

Ɓangaren ƙarfe ba shi da matsala, tunda kasuwar Katako na kusa, inda maƙera ke narka gwangwanin alminiyam su zuba tukwane da ludaya.

A wajen roba ne aikin ke tangarɗa. Ana haɗa ledar piya wata, fasasshen bido, gorar lemo da guntun bututun famfo a buhu ɗaya, alhali ba jinsi ɗaya ba ne. Leda da bido suna narkewa tun zafi bai wuce digiri 140 ba, su ne ake cakuɗawa da yashi, kamar kashi 1 na roba da 3 na yashi, a zuba dutsen daɓe. Gorar lemo kuwa sai wajen digiri 250 take narkewa. In ta shiga kaskon sai ta bar gudaji, dutsen ya tsage. Bututun famfon, wanda robarsa ake kira PVC, ya fi muni, hayaƙinsa guba ne ga mai juya kaskon. Lallai a ƙara buhu na huɗu don gorori, bututu kuma a ajiye shi gefe.

Sai ƙasa. Tsakar gidajen Yamai rairayi ne, mai shara kan haɗa da shi, buhu ya yi nauyin banza, ledar ta yi dauɗa har ruwan wankinta ya cinye ribar. Rariya mai manyan huda a kowane gida za ta magance wannan. Tsohon batirin tocila kuma kada ya shiga buhun abinci, don takin da ake yi da shi na masu lambun kwarin Gunti Yena ne, a nan Yamai.

Dokar Nijar ta 2014 ta hana shigo da ƴar siririyar leda, amma har yanzu ita ta fi cika buhun. A ɗaure ta dam-dam, a busasshe, kafin a miƙa. Su kuma samarin su raba bayan babur ɗin da katako, domin idan buhu ya yage a hanya duk rabon da aka yi a gida ya tashi a banza.