Wuƙaƙen aljihu biyu na gwada wata takwas, ga wadda ta zauna a aljihuna

Na daɗe ina son rubuta wannan sharhin amma nace bari sai na wahalar da su tukunna, don ba a gane halin wuƙa ranar da aka ciro ta daga kwali, ranar kowacce sheƙi take kuma kowacce tana aske gashin hannu. Yanzu wata takwas kenan ina riƙe da su, da farko sati ɗaya wannan sati ɗaya waccan, daga baya kuma canjin ya tsaya da kansa ba tare da na zauna na yanke shawara ba.

Ba zan kama sunan kamfani ba tunda ba talla aka biya ni ba, kuma irinsu sunyi yawa, in kaga ɗaya kaga goma. Duka biyun manya ne, ruwan kowacce ya kai wajen santimita 9, wato inci uku da rabi kenan, kuma duka na masu ƙaramin ƙarfi ne irina, ba irin waɗanda mutum zai saya ya ajiye a durowa yana lallaɓawa ba. Ɗaya ina ce mata baƙa ɗayar kuma toka, saboda kalar mariƙinsu kawai.

Baƙar ita na fara saya kuma gaskiya ita ta tafi da imanina tun a hoto. Ƙarfenta D2 ne, mariƙinta G10, wannan abin mai kaushi da ake yi da zaren gilas da gam, sannan akwai boris a gaɓarta, kana danna ɗan kunnen dake baya da yatsa sai kaji ƙas! ta buɗe kamar da sifirin. Wallahi satin farko na buɗe ta ya fi sau dubu ban yanka komai ba, ina zaune ina ta ƙas ƙas har aka fara yi min kallon wanda ya zautu. Makullinta na gefe ne, wani siririn ƙarfe a cikin mariƙin da yake faɗowa ya tokare gindin ruwan, irin wanda wani maƙeri Ba'amurke Michael Walker ya gyara fasalinsa a 1980 kowa ya kwaikwaya. Tokar kuwa ba ta da wani kwalliya, ƙarfen AUS-8 ne na Japan, mariƙin roba mai tauri, ba boris sai washa, makullinta a baya yake irin tsohon yayin nan da wata wuƙa mai suna Buck 110 ta yaɗa tun 1964. Da babban yatsa ake tura ta kuma sai ka raka ta har ƙarshe, ba ta tsalle. Ranar da tazo na juya ta na juya nace to, wannan dai ta ajiya ce ko in wani ya zo aro.

Aikin da nake da wuƙa ba wani na jarumta bane, kwali ne yafi yawa, sai igiya, salatif, robar ɗaure kaya, fere waya, wani lokacin in fiƙe fensir ko in sassaƙe ɗan katako. A kwalin ne na fara ganin abinda hoto baya nunawa. Ruwan baƙar kauri gare shi, kuma ba tun daga sama aka fara siranta shi ba sai daga tsakiya, to in ka soka a kwali mai ninki biyu bakin yana yanka amma kafaɗar tana cijewa, sai ka dinga dannawa kamar mai tsaga itace. Tokar tun daga gadon baya aka zaftare ta har baki, siririya, ko da ta ɗan dakushe ratsa kwalin take suuu ba gardama. Akwai ranar da na yanyanka kwalaye wajen talatin, rabi da wannan rabi da waccan, baƙar ta gama da sauran kaifinta tana kama farce, tokar ta dakushe har tana jan takarda, amma hannun da ya gaji na baƙar ne, tsakiyar tafina har yayi ja saboda kilif ɗinta, wato ɗan ƙarfen da ake maƙala ta a aljihu da shi, daidai nan yake tokare ni in na matse.

Maganar riƙe kaifi kam ba ƙarya, D2 ya fi. Kabon ɗinsa ya kai kusan kashi 1.5 cikin ɗari, na AUS-8 kuwa wajen rabin haka ne, shi yasa D2 ke cike da wasu ƙwayoyi masu tauri da basa saurin cinyewa. Sai dai abinda masu yabonsa basa faɗa maka shine ranar wasawa. Na zauna da ɗan dutsen da na saba, na goga na goga kusan minti arba'in, dutsen ne ma yake cinyewa wuƙar na kallona, ƙarshe dole na nemo farantin wasawa mai garin daimon kafin ta ji magana. Wato wuƙar araha ta jawo min sayen abin wasa ta, kaga an koma gidan jiya. Tokar kuwa minti biyar ya isa, ka kwantar da ita wajen digiri 20 kowane gefe, shafa goma nan goma can, ka ƙarasa a bayan tsohon bel na fata, shikenan ta dawo tana aski. Eh duk sati sai na taɓa ta, baƙar kuma sai tayi wata, amma ni na gwammace minti biyar sau huɗu da zaman minti arba'in ina tsaki.

Sai tsatsa. Mutane da yawa sun ɗauka D2 baya tsatsa, yana yi. Kuromiyom ɗinsa, wato sinadarin da ke hana ƙarfe tsatsa, wajen kashi 12 ne kuma da yawa daga ciki kabon ya riƙe shi, saura kaɗan ne ke tsare ƙarfen, na AUS-8 kuwa ya haura 13 kuma a sake yake. Ni mutum ne mai gumi, wata rana na wuni da baƙar a aljihu cikin zafi, da dare na manta ban goge ta ba, da safe na buɗe naga ɗige-ɗige ja guda huɗu kusa da gindin ruwan kamar ƙuraje. Sun fita da ɗan mai da goga amma tabon yana nan har yau in ka karkata ta a haske. Tokar ruwan sama ya taɓa dukanmu tare da ita, na yarfe ta kawai na mayar aljihu, ko alama.

Boris ɗin nan da nake ta yabo shima ya nuna min halinsa. Aljihu ai ba wajen tsafta bane, zare-zaren yadi da ƙura duk can suke taruwa, bayan wata uku na fara jin ƙurus ƙurus in na buɗe kamar an zuba yashi. Sai da na kwance ta da sukundireba mai bakin tauraro, mai lamba T8 na sukurun gaɓar, T6 na ƙananan sukurorin, na wanke ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya ina addu'ar kar ɗaya ya gangara ƙarƙashin kujera, na ɗiga mai na mayar, sannan na ɓata wani rabin awa ina daidaita ruwan ya zauna a tsakiya. Washar tokar ba ruwanta da wannan, in tayi datti ka hura mata iska ka ɗiga mai ɗigo ɗaya.

Kuma ita baƙar ce ta sha jinina, ko da yake laifina ne. Makullin gefe dole sai ka sa babban yatsa a hanyar da ruwan zai bi kafin ka ture shi, to ga boris ga ruwa mai nauyi, ina magana da wani hankalina na can, na ture makullin ban janye yatsan da wuri ba sai ji nayi tsit a bayan farce. Ba wani babban rauni bane, filasta ɗaya ce, amma tun ranar nake rufe ta da ladabi. Tokar a baya ake dannawa kuma ni da hannu biyu nake rufe ta, a hankali, wanda shine babban aibinta a wajena, in hannu ɗaya na riƙe da kaya sai dai in jingina bayan ruwan a cinya in tura. Wani aibin kuma mariƙinta in ya jiƙe da mai santsi yake, G10 ɗin baƙar ko da jiƙaƙƙen hannu yana kama ka gam, sai dai shi kuma kaushin nasa ya cinye min bakin aljihun wando biyu.

Ɗan hannunka mai sanda ga masu tafiye-tafiye, wuƙa mai makulli ba ko'ina ake yawo da ita ba. A Ingila misali wadda aka yarda ka ɗauka haka kawai ita ce mai naɗewa marar makulli da bakinta bai wuce inci 3 ba, kaga duka biyun nan sun faɗi jarabawa kenan. Kowa ya duba dokar inda yake kafin ya maƙala a aljihu.

Abinda ya raba gardamar dai nauyi ne, ba D2 ba ba boris ba. Na ɗora su a sikeli, baƙar ta fi da wajen giram 40, a baki kamar ba komai amma a wando mai laushi sai ta dinga jan aljihun ƙasa tana bugun cinya, in na zauna kunnen nan nata yana gogar waya, in na zura hannu neman makullin mota ya karce ni. Sai na lura da safe in zan fita hannuna da kansa yake zuwa kan tokar, yau ita gobe ita, har na shafe wata biyu ban ɗauki baƙar ba ban ma sani ba.

In aikinka na yanka abu mai cin kaifi ne duk wuni kamar kafet ko igiya mai kauri, kana da abin wasawa mai kyau kuma baka ƙyashin goge wuƙa kullum, ɗauki irin baƙar, zata yi maka. Ni dai tawa tana cikin akwatin kayan aiki na shafe ta da mai, nakan ciro ta wani lokacin in yi ƙas ƙas sau biyar in mayar. Tokar kuma fentin kilif ɗinta duk ya goge, ruwan ya cika da zane, jiya ma da ita na yanke robar da aka ɗaure wani kwali.