Dyno ko bakanike mai duba buji: wanne ya dace da moton da aka canza wa salansa?

Ɗan'uwa, tunda ka ce moton naka 150cc ne mai karbireta, kuma salansa da matatar iska kawai ka canza, kada ka kashe kuɗinka a kan dyno, wato na'urar da ake ɗora moto a kanta a auna ƙarfin inji. Nemi bakanike da ya san jiklar (ɗan ƙarfe mai huda da mai ke bi a cikin karbireta), ya san karatun buji.

Salansa buɗaɗɗiya da matata mai sakin iska suna sa inji ya shaƙi iska fiye da da, alhali jiklar na ba da mai daidai yadda ta saba. Sai mai ya yi ƙaranci. A lissafi, kashi 14.7 na iska ke ƙone kashi 1 na mai ƙurmus, amma inji ya fi ba da ƙarfi, ya fi sanyi, a wajen kashi 12.5 zuwa 13.2 na iska in an buɗe totur gaba ɗaya. In mai ya gaza za ka ji salansa na harbi fat-fat lokacin da ka saki totur, moto na shaƙewa in ka murɗa da sauri, bututun salansa ya yi shuɗi kusa da inji. Injin da iska ke sanyayawa, a zafin Maradi na watan Afrilu da ke haura digiri 40, ba ya jure haka. Bawul ɗin hayaƙi ne ke fara ƙonewa, wani lokaci fistan ya huje.

Karbireta hanya uku take ba da mai, kuma duka ukun bakanike na iya gyara su da hannu. Ƙaramar jiklar da sukurun gauraya ne ke aiki daga silo zuwa kwatan totur. Allura ke riƙe da tsakiya, daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu. Babbar jiklar kuma tata ce sama. Daga babbar ake farawa: a ƙara lamba mataki ɗaya, misali daga 100 zuwa 102 ko 105, ba a tsallake zuwa 120 ba. A sa sabon buji, a bari inji ya yi zafi, a fita kwalta miƙaƙƙiya marar jama'a, a buɗe totur gaba ɗaya a giyar sama na ɗan lokaci, sannan a kama kuloci a kashe inji nan take, kada a bar shi ya yi silo. A kwance buji a duba farin tangaran ɗin da ke ciki. In ya fito launin ƙasa-ƙasa kamar gyaɗar da aka soya daidai, an dace. Fari fat ko toka-toka, mai bai isa ba. Baƙi da kunkunniya, ya yi yawa. Bayan nan sai allura: in tsakiya na da rauni, a sauko da kilif ɗinta tsaga ɗaya, allurar ta ɗaga, mai ya ƙaru. Sukurun gauraya na ƙarshe, a rufe shi a hankali sannan a buɗe zagaye ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi, har silo ya zauna. Abu ɗaya ake canzawa a gwada kafin a taɓa na gaba. Aikin yini guda ne, kuma bakanike nagari za ka gan shi ya jera jiklar a kan tsumma bisa lambobinsu, yana ɗaga buji wajen haske kafin ya ce komai.

Wani abin da wannan hanya ta fi dyno da shi a wajenmu: ana iya maimaita ta. Iskar safiyar hunturu ta fi ta bazara nauyi, saitin da ya yi daidai a Mayu kan ɗan gaza a Janairu. Mai ma ba ɗaya ba ne, na gidan mai daban, ruwa-ruwa na kwalba daban. Ka yi saiti da man da kake sha kullum.

Dyno na da gaskiyarta. Ana ɗaure moto, tayar baya na juya ganga, a cusa na'urar auna hayaƙi cikin salansa, kwamfuta ta zana ƙarfi da gaurayar mai a kowane juyin inji. Amma moto mai ƙarfin doki 11 zuwa 13, abin da za ta ƙara maka bisa aikin bakanike ƙwararre ba zai kai ka ji shi a hanyar Tibiri ba. Ga shi ba a kowane gareji ake samunta ba, kuma ko a Yamai ka ji labarinta, hanya ta haura kilomita 600. Inda ta cancanci kuɗinta shi ne babban moto mai injekta, 600cc zuwa sama, da aka sa wa cikakkiyar salansa ko aka taɓa cikin inji. Shi ba jiklar gare shi ba, sai an sake rubuta taswirar mai a ECU, wato kwamfutar injin, ko an sa akwati irin Power Commander, kuma wannan ba a yin sa da kunne.

Ba ka tambaya ba, amma ka kiyayi masu sayar da ƙaramin akwati wai yana ƙara doki. Yawancinsu ɗan resista ne kawai a ciki, yana ruɗar na'urar auna zafin iska. Akwai kuma jiklar jabu da lambar jikinta ba ta dace da hudarta ba, da masu faɗaɗa huda da waya su ce sun yi saiti. Wannan ba ta komawa, sai an sayi sabuwa. Duk wanda ya je dyno kuma ya nemi takardar kafin da ta bayan aiki, a giya ɗaya, rana ɗaya, da layin gaurayar mai a jiki.

Ita kuma matatar, in irin tsirarar nan ce mai kama da mazurari, ka cire ta ka mayar da akwatin asali tun kafin a fara saiti. Ƙurar hunturu na wucewa ta cikinta, ta cinye zoben fistan, moto ya fara shan man inji yana hayaƙi. Ka bar salansar yadda take, ka sayi jiklar uku masu bin juna da buji biyu, ka kai wa bakanike da safe.