Na'urar tsince shinkafa mai idon kyamara: abin da na gani a wani injin casa

Bayan girbin bana na kai shinkafar da aka turara mini wani injin casa a yankin Kura ta Jihar Kano, domin in gwada na'urar nan da masu injin suke kira kala-sota, wadda ke ware ƙwayar hatsi mai kyau daga gurɓatacciya ta hanyar duba launinta. Fasahar ba sabuwa ba ce, domin kamfanin Sortex ya fara ƙera irin waɗannan na'urori a Landan tun 1947, kuma yanzu yana ƙarƙashin kamfanin Bühler na ƙasar Suwizalan, amma wadda na tarar a wurin ƙirar China ce.

Shinkafar tana gangarowa ta wasu magudanan ƙarfe masu santsi, sai ta faɗa cikin iska a gaban fitilun LED da kyamarori, inda kwamfuta ke gwada launin kowace ƙwaya da na wani allo da ke bayanta. Da zarar ta ga baƙa, ko ja, ko shanshera da ta tsere wa casa, sai wani ɗan bututu ya fesa mata iska mai ƙarfi, ta kauce zuwa wani mazubi dabam. Ido ba ya iya bin abin, sai dai kunne ya riƙa jin tas-tas kamar ana soya gugguru. Da na damƙi tsintacciyar na baza a tafin hannu, da ƙyar na sami baƙar ƙwaya ɗaya, alhali aikin da mata za su kwana biyu suna yi a kan faifai ne.

Sai dai na fahimci cewa ƙarfin na'urar duka yana ga haskenta. Da rana ta take, ƙurar dusa ta lulluɓe gilashin da ke gaban kyamarorin, saboda abin goge shi ya daina aiki yadda ya kamata, nan take na'urar ta fara zubar da lafiyayyar shinkafa tare da marar kyau. Da na nuna wa yaron da ke kula da ita, ya ce: "Alhaji, ai haka take yi idan ta sha ƙura." Sai da aka tsayar aka goge, aka sake saita ta, sannan aka maimaita tsince abin da ta zubar, wanda ya ci mini lokaci sosai, musamman da yake janareta ake amfani da shi, kuma injin matsa iskar da bututun ke fesawa ba ya jure wa wutar da ke rawa.

Akwai kuma abin da kyamarar launi ba ta iyawa. Farar tsakuwa mai kama da shinkafa tana iya wuce ta, sai in an haɗa da kyamara mai gani da hasken infrared, wato wani haske da idon mutum ba ya gani, saboda haka dole a fara bi ta injin cire tsakuwa. Haka nan ba ta san damshi ba, kuma ba ta raba mini irin shinkafa biyu da suka cakuɗe tun a gona ba, tun da launinsu ɗaya ne.

Duk da haka, dillalin da na kai wa buhunan ya yi musu kuɗi fiye da na bara ba tare da dogon ciniki ba. Zan koma da sauran shinkafar, amma sai na ga an goge gilashin a gabana kafin a zuba buhun farko.