Hattara da mai sayar da tsohon bel cikin sabon kwali a Yamai

Ƴan uwa direbobi da masu motocin haya, akwai wani mutum da ke tallar kayan inji a rukunonin WhatsApp na Yamai. Ba shi da shago. Kana kiransa zai ce ka jira shi a bakin titi, ya kawo maka a kan babur, wai kayan daga Dubai suka iso, shi ya sa suke da rahusa. Ni ya cuce ni, kuma ba na son wani ya faɗa inda na faɗa.

Hiace gare ni mai shan gazuwal, tana jigila tsakanin Yamai da Dosso. Fitilar T-BELT ta kama, wato lokacin canja bel ɗin cikin inji ya yi, wanda makanikai a nan suke kira kurwa. A irin wannan injin, kowane kilomita 100,000 ake canja shi. Mutumin ya kawo mini bel, da puli biyu (gargaren da bel ke bi a kansu), da ƙarfen da ke riƙe altanato, duka a jikka 30, wato sefa dubu 30. Kwali sabo fil, da tambarin Toyota a jiki. Makanikena ya yi tafiya, sai na ba yaronsa ya ɗaura, don kada mota ta kwana ba aiki. Wannan gaggawar har yau tana cina.

Kwana 19 kacal. Mun wuce Birnin Gaure kaɗan, mota cike da fasinja, har da mace mai jego, inji ya yi ƙara sau ɗaya ya mutu. Wanda bai san mota ba zai ce ai bel ne kawai, a sa wani. A'a. Wannan bel ɗin shi ke daidaita motsin fistin da na bawul. In ya tsinke mota na gudu, fistin ya daki bawul ya lanƙwasa su, wani lokaci har kan injin ya tsage. Haka tawa ta yi. Kuɗin janyo mota da gyara sun haura jikka 400, ban da mako uku da ta yi a garaji.

Da maigidan garajin ya dawo, ya ɗauki guntun bel ɗin ya juya, ya ce: "Alhaji, wannan ai ya gama aikinsa a wata motar." Ya nuna mini bayansa, sumul yana sheƙi kamar an goga masa man takalmi, rubutun lamba ya kusa gogewa. Ya ɗan tanƙwara shi, sai ga ƙananan tsaga a gindin haƙora. Sabon bel ba ya sheƙi, rubutunsa raɗau yake. Sannan ya murza puli da yatsa, ta yi ta juyawa tana shuuu. Ya ce sabuwa ba ta gudu haka, giris ɗin cikinta yana riƙe ta, kuma shiru take juyawa. Ƙarfen altanaton kuwa, da ya kankare baƙin fentin da wuƙa, walda ce a ƙasa.

Ashe daga matattun motoci mai tallar yake kwaso su, ya wanke, ya nemi kwalaye ya zuba.

Ba na ƙin kayan hannu. Ƙofa, fitila, kujera, duk na sha sayen na hannu kuma na ji daɗinsu. Amma ban da bel, ban da puli. Ku saya a shagon da za ku iya komawa gobe, ku tafi da makanikenku, a buɗe kwali a gabanku, a gwada lambar bel da adadin haƙoransa da na tsohon, ku karɓi takardar shaidar saye.

Na kai ƙara wurin ƴan sanda da kwalin da guntun bel ɗin. Lambar wayar da na san shi da ita a kashe take, amma shekaranjiya wani direban Tawa ya nuna mini hotunan kayan da mutumin ke talla da su, da wata sabuwar lamba.