Jan layi a ƙarƙashin sunayen Hausa: tsakanin Word, LibreOffice da Google Docs

Malama, kin ce kina rubuta kundin digiri da Turanci a kan sarautun Katsina, kuma sunaye irin su Ƙaura, Durɓi da Galadima sun cika miki shafi da jan layin da manhajar rubutu take sawa a ƙarƙashin kalmar da ba ta sani ba. Kin ƙara su a ƙamusun manhaja, amma layin yakan dawo, musamman idan kin buɗe aikin a wata kwamfutar, shi ya sa kike tambayar wadda ta fi dacewa tsakanin Microsoft Word da LibreOffice Writer da Google Docs.

Abin da ya haɗa su duka shi ne, ƙamusun da mai rubutu yake ƙara wa kalmomi jerin haruffa ne kawai, kuma ba ya cikin takardar da ake rubutawa. Yana ajiye a kwamfuta ko a asusun mai shi. Saboda haka bambancin da ke tsakaninsu ya ta'allaƙa ne ga inda kowace take ajiye jerin, da kuma irin ikon da take ba ki a kansa.

Word tana ajiye kalmomin a wani ƙaramin fayil mai suna CUSTOM.DIC, cikin jakar UProof, kalma ɗaya a kowane layi. Tun daga Office 2013 aka ƙaro wani mai suna RoamingCustom.dic, wanda yake bin asusun Microsoft na mai amfani. Nan ne rikici yakan fara, domin mutum yana iya samun ƙamus biyu, kalmominsa suna shiga ɗaya, alhali kwamfutar ofis ɗayan take karantawa. Haka kuma kowane ƙamus yana da harshen da aka ɗaura shi a kai. Idan an ɗaura shi ga Turancin Amurka, rubutunki kuwa yana kan Turancin Ingila, Word ba za ta duba shi ba, har ma maɓallin ƙara kalma yakan dusashe ya ƙi dannuwa. Maganin shi ne ki shiga "File", sai "Options", sai "Proofing", ki buɗe "Custom Dictionaries", ki mayar da harshen ƙamusun zuwa "All Languages". A nan ne kuma za ki iya ƙirƙirar sabon ƙamus na kundin kaɗai, abin da nake ganin ya fi tsabta a aiki mai tsawo, tunda za ki iya kwafe fayil ɗin a filashi ki kai shi duk kwamfutar da kika koma. Sai dai idan kin gyara shi da hannu a Notepad, ki adana shi a tsarin UTF-16, wato ɗaya daga siffofin Unicode, tsarin adana haruffan harsuna daban-daban, domin tsohon tsarin ANSI bai ƙunshi ƙ da ɗ da ɓ ba, zai lalata su, kuma Word ba ta karɓar ƙamusun da ba na Unicode ba.

LibreOffice tana aiki da injin duba haruffa mai suna Hunspell, wanda László Németh ya ƙirƙira don harshen Hungari, harshe mai yawan ɗafa-ƙeya. Ita ma fayil take ajiyewa, standard.dic, cikin jakar wordbook ta mai amfani, kuma ana iya buɗe shi a gyara ko a kwafe kamar na Word. Inda ta yi wa sauran fintinkau shi ne wani gurbi mai suna "Grammar By", wanda ya shigo da siga ta 6.0 a shekarar 2018. Idan kin ƙara sabuwar kalma, kina iya nuna mata wata kalmar da babban ƙamus ya riga ya sani, ki ce ta bi tsarinta, sai ta karɓi jam'inta da siffar mallakarta ba tare da kin shigar da kowace daban ba. Wannan yana aiki ne idan an ɗaura ƙamusun ga harshe guda, kuma ƙa'idojin wannan harshen yake bi. Zai taimaka a jimlar Turanci, amma ba zai san cewa gida da gidan da gidansu da gidaje dangi ɗaya ne ba. Rauninta kuwa, ba ta da asusun da zai bi ki, sai kin kwashi fayil ɗin da kanki.

Google Docs ta fi su sauƙi, kuma ta fi su ƙarancin iko. Kalmomin suna cikin asusunki na Google, don haka duk kwamfutar da kika shiga za ki tarar da su. Amma ɗaya bayan ɗaya ake shigar da su a "Personal dictionary", babu fayil ɗin da za ki buɗe ki zuba sunaye ɗari uku lokaci guda, babu kuma raba ƙamusun kundi da na sauran rubuce-rubuce. Wanda kuke gyara takarda tare ba ya cin gajiyar jerinki, kuma kalmar da kika ƙara a ƙamusun Chrome, manhajar Google ta shiga intanet, ba ta shiga na Docs.

Akwai matsaloli biyu da babu wadda ta kuɓuta daga gare su gaba ɗaya, kuma ina kyautata zaton su ne suka fi damun ki. Ta farko ita ce babban baƙi da ƙarami. A Word da LibreOffice, kalmar da aka ƙara da ƙananan haruffa tana karɓuwa ko da an fara ta da babba, amma wadda aka ƙara da babban baƙi ba ta karɓuwa da ƙarami. Idan kin shigar da sarautar Ƙaura, kalmar ƙaura ta barin gari za ta ci gaba da samun jan layi, kuma Durbi mai baƙi maras ƙugiya wata kalma ce daban da Durɓi a wurin na'ura. Wannan tsaurin yana da amfani, domin shi zai kama miki wurin da kika manta ƙugiya, muddin ba ki ƙara siffofin biyu duka ba. Ta biyu ita ce alamar alhamza a kalmomi irin su 'ya'ya da 'yan da jama'a. Manhajojin uku suna sauya miƙaƙƙiyar alama zuwa mai lanƙwasa da kansu, kuma a farkon kalma sukan juya ta ta koma alamar buɗe zance, sai kalma ɗaya ta fito da siffa biyu ko uku a kundi ɗaya. Ki zaɓi siffa guda ki tsaya a kanta, ko ki kashe wannan sauyin a saitin gyara kai tsaye. Rubutun Nijar da yake amfani da ƙugiyar ƴ ya huta da rabin wannan wahala.

Shawarata ita ce ki zauna a Word idan sashenku takardar Word yake karɓa, ki buɗe ƙamus na musamman ga kundin, ki riƙa ajiye kwafinsa tare da babobinki. LibreOffice kyauta ce kuma ta isa wannan aiki, ita zan zaɓa wa wanda ba shi da lasisin Office. Docs kuwa ta fi dacewa da gajeren rubutun da mutane da yawa suke gyarawa tare.

Saura batun malamin da yake duba miki aikin, wanda zai ga jan layin a tasa kwamfutar komai yawan kalmomin da kika ƙara. Don dogayen maganganun Hausa da kika ɗauko daga hirarraki, kada ki shigar da kalmominsu ƙamus ko kaɗan. Ki haskaka sakin layin, ki shiga zaɓin harshe a Word, ki sa alama a "Do not check spelling or grammar". Wannan umarni a jikin takardar yake zama, don haka zai bi ta duk inda aka aika ta, sai dai ya ɗora miki nauyin karanta waɗannan wuraren da idonki, baƙi bayan baƙi, kafin ki miƙa.